Giginya a Tsakar Gida: Tarihin Itaciyar da Ta Rufe Soraye, Ta Rasa Mai Shuka Ta

Matafiyin da ya tashi daga Katsina ya nufi Daura, idan ya kai Mashi ya ci kusan rabin tafiyarsa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, gero da dawa da wake da gyaɗa ne amfaninta, arewa da ita kuma iyakar Jamhuriyar Nijar ce. Itatuwan da ido ya fi cin karo da su a bakin hanya sanannu ne: bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, sai gawo da kuka da tsamiya a cikin gonaki. A kan iyakokin gonakin kuwa ga kaba nan tsibi-tsibi, ba ta wuce ƙugun mutum ba. Jefi-jefi ake hango goribar da ta samu ta miƙe ta yi rassa. Giginya kuwa sai an bar titi an gangara wajen fadama, can ɗin ma ɗaya nan ɗaya can, akasarinsu tsofaffi, kuma da wuya a ga ƙarama tana tasowa a kusa da su.

Amma da matafiyin zai sauka ya shiga wani tsohon zaure a cikin gari ya ɗaga kansa, giginya zai gani. Azara ce jere a rufin, ta yi baƙi saboda hayaƙi da tsufa, ta girmi duk wanda ke zaune a ƙarƙashinta, kuma gara ba ta taɓa ta ba. Haka abin yake a tsofaffin gidajen Daura da Katsina da Kano da Zariya. Itaciyar da ta ɗauki rufin biranen ƙasar Hausa tsawon ƙarnuka ita ce yau ta yi wuyar gani a arewacin Katsina. Yadda aka yi hakan ta faru labari ne na gini, da yunwa, da doka, da kuma tambayar da ta fi kowace nauyi a kan itace: na wane ne?

Itatuwa biyu, hali ɗaya

Giginya da goriba 'yan gida ɗaya ne da dabino da kwakwa, amma su 'yan ƙasa ne, ba wanda ya kawo su. Masana tsirrai suna kiran giginya Borassus aethiopum. Takan kai mita 20 zuwa 30, gangar jikinta a miƙe ba reshe, kuma idan ta manyanta takan yi kumburi a can sama, wanda da shi ake gane ta daga nesa. Akwai namiji akwai mace. Macen ce ke yin 'ya'ya manya masu launin ruwan goro da ƙamshi mai ƙarfi, kowane da ƙwallo ɗaya zuwa uku a ciki. Ba ta son tudu busasshe. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa nan take zama, shi ya sa fadama da bakin gulbi ne gidanta. A zamanin da giwaye ke yawo a dazuzzukan wannan yanki, su ne manyan masu yaɗa ta: su haɗiye ɗan, su kayar da ƙwallon a wani wuri mai nisa tare da takinsa.

Goriba kuwa, Hyphaene thebaica, ta fi haƙuri da fari. Ta bambanta da kusan dukkan danginta da abu ɗaya: gangar jikinta takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Sunanta na kimiyya daga tsohon birnin Thebes na Masar aka ɗauko shi, kuma an tarar da kwandunan 'ya'yanta a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a 1922. A farkon ƙarni na 20 har masana'antar maɓallan riga aka yi da ƙodagonta a Eritiriya, ana kai wa Italiya. Kabar da ake saƙa tabarma da faifai da igiya da malafa da ita ba wata itaciya ce daban ba; goriba ce tana ƙarama.

Hausawa sun daɗe da sanin su biyun ciki da bai. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina a farkon 1851, ya ambace su da sunayensu na Hausa a littafin tafiyarsa. Likita J. M. Dalziel, da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tarar kusan kowane sashe na jikinsu da sunansa. Sunayen wurare ma shaida ne. Akwai unguwar Giginyu a Kano. Akwai filin Giginya a Sakkwato, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da ta Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, wanda a yau bariki da filin wasa ke ɗauke da sunansa. Akwai Gulbin Kaba a ƙasar Maradi. Ba a raɗa wa wuri sunan itacen da ba ya nan.

Halin da ya haɗa su shi ne jinkiri, da ƙin a ɗaga su daga inda suka tsira. Ƙwallon giginya idan ya tsaga, ba sama yake nufa ba. Yakan tura wani farin tsiro mai kauri ya nutsa cikin ƙasa, ya tara abinci a can, sai bayan watanni ganyen farko ya leƙo. Daga nan takan yi shekaru tana fidda ganye a dab da ƙasa, tana faɗaɗa gindi, kafin gangar jiki ta fara tashi. 'Ya'ya kuwa sai ta haura shekara 15, a busasshiyar ƙasa ma ta wuce haka nesa. Duk abin da ya same ta a tarihi, daga wannan hali ya samo tushe.

Azara da girman ɗaki

Maginin Hausa na da yana da ƙasa da tubali a wadace, amma ba shi da katako. Itatuwan savana gajeru ne masu karkacewa, kuma gara ba ta raga musu. Azara ce ta warware masa wannan matsala. Daga ɓangaren waje na gangar tsohuwar giginya ake tsago ta, inda jijiyoyin itacen suka fi cunkushewa, kuma magina sun fi son ta namiji domin ta fi tauri. Ba ta ruɓewa da wuri, gara ba ta iya ta, har idan soro ya rushe akan tsince azararsa a sake rufa wani da ita. A gidaje da yawa azara dukiya ce da ake lissafawa a rabon gado.

Sai dai tana da iyaka. Idan aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, tazarar da za ta iya ɗauka ba tare da tokari ba ba ta wuce ƙafa 6 ba, wato ƙasa da mita 2. Daga wannan iyaka fasahar ginin Hausa ta taso. Magina suka koyi jera azara hawa-hawa daga bango, kowane sahu ya ɗara na ƙasa da shi fitowa, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa, har hannaye biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, shi ne ƙololuwar wannan fasaha, kuma cikinsa yana nan har yau, an lulluɓe shi da sabon gini. Zaurukan Gidan Rumfa a Kano, da na Gidan Korau a Katsina, da na fadar Daura, duk a kan wannan ilimi suka tsaya.

Abin lura shi ne, ba a tsagar azara sai an kayar da itaciyar, kuma ba a kayar da ita sai ta yi shekaru aru-aru. Kowane soro, ashe, giginya ce da wani zamani ya raina, wani zamani ya sare. Muddin jama'a ba su da yawa, fadamu na da faɗi, kuma masu ginin soro 'yan kaɗan ne, sarakuna da attajirai da manyan malamai, daji yana iya mayar da abin da aka ɗiba. Ba wanda ya ga dalilin shuka abin da ke fitowa da kansa.

Baki uku a kan itace ɗaya

Ƙarni na 20 ya rushe wannan daidaito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya buɗe, haraji ya koma na kuɗi, gonaki suka ci daji. Kuɗin gyaɗa ya sa mai matsakaicin hali ma ya fara sha'awar soro maimakon ɗakin ciyawa, buƙatar azara ta ninka. Da kwano ya yaɗu, musamman bayan kuɗin man fetur na shekarun 1970, sai a yi zaton giginya ta huta. Ba ta huta ba. An ci gaba da tsaga ta ana kafa kwanon a kanta, ana yin rumfunan kasuwa da ita, domin ta fi katakon kudu jure gara. Abin da ta rasa shi ne daraja: ta tashi daga kayan fada ta koma itacen rufi mai araha. Wannan shi ne baki na farko, mai cin tsofaffi.

Baki na biyu yana cin jarirai. Farin tsiron nan da ƙwallo ke turawa cikin ƙasa shi ne muruci. Masu sana'arsa suna tara ƙwallaye su binne su a kwari da damina, bayan wata 6 zuwa 8 su tone, a dafa a kai kasuwa. Abinci ne mai riƙe ciki, kuma imanin da mutane suka yi cewa yana ƙara wa namiji ƙarfi ya sa kasuwarsa ba ta mutuwa. Amma kowane muruci guda giginya ce guda da ba za ta taɓa tsayawa ba. A wurin da ake tsince duk ɗan da ya faɗo, tsofaffin itatuwa za su yi ta haihuwa shekara da shekaru ba tare da sun bar magaji ba. Mai wucewa zai ga kurmi a tsaye ya ɗauka lafiya lau yake, alhali kurmin ya riga ya mutu, faɗuwa ce kawai ta rage.

Baki na uku goriba yake ci. Kaba sana'ar mata da tsofaffi ce a duk faɗin wannan yanki, kuma sabon ganye mai laushi ake so, wanda ke fitowa daga tsakiyar tsiron. Idan ana yankarsa kowace shekara, awaki na bi, wutar sassabe na bi, goriba ba ta mutuwa, amma ba ta miƙewa. Takan yi ta yaɗuwa a ƙasa ta zama cunkus. Kabar da ke kan iyakokin gonakin Mashi da Mani da Dutsi, wadda ba ta wuce ƙugu ba, wata ta girmi manomin da ke yankarta. Itace ne da aka hana girma.

A kan waɗannan sai ga fari. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, kowanne ya tura talaka daji neman abin kai wa baki da abin sayarwa. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, maƙwabciyar Mashi, ya fitar da littafinsa kan tarihin yunwa a arewacin Najeriya a 1983, inda ya nuna cewa ƙarancin ruwa shi kaɗai ba ya zama yunwa sai ya tarar da gidan da haraji da bashi suka riga suka raunana. Irin wannan gida ba ya iya jiran shekara 15. Goriba da muruci da kaba sun ceci rayuka a waɗannan shekaru, kuma ba wanda zai zargi mai jin yunwa. Amma farin ya kuma janye ruwan fadamu ƙasa, ya bar ƙananan giginyu ba abin sha. Jama'a kuwa sai ƙaruwa: ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Mashi ita kaɗai mutum fiye da 170,000.

Itacen gwamnati

Turawan mulki sun ga raguwar itatuwa, kuma maganin da suka kawo shi ne doka. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun ba da ikon keɓe dazuzzuka da hana sare wasu itatuwa sai da izini, En'e kuma ta ɗauki malaman daji masu yanka tara. A ɓangaren Faransa dokar 4 ga Yuli, 1935 ta fi tsanani, ta sa giginya cikin itatuwan da aka haramta taɓawa, gwamnatin Nijar kuma ta gaji wannan tsari bayan samun mulkin kai. Niyyar ba ta da laifi. Sakamakon ne ya zo a karkace. Manomin da ya san cewa idan itace ya girma a gonarsa ya zama na hukuma, ba zai sare ba sai ya biya, ga kuma malamin daji da zai riƙa zagayo shi, ba shi da dalilin rainonsa. Mafi sauƙi a gare shi ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Doka ta tsare tsohuwar itaciya na ɗan lokaci, ta kuma kashe sha'awar renon sabuwa.

Sai kuma zamanin dashe. A 1934 wani masanin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa wannan yanki, ya koma Ingila ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ba da shawarar a kafa mata shingen itatuwa. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi kan iyakar a 1936 zuwa 1937 ba ta sami shaidar cewa hamada na tafiya ba. Abin da ta gani shi ne lalacewar ƙasa daga hannun mutane. Duk da haka tunanin shinge ya zauna. Shi ne ya dawo a aikin dashen itatuwa na Katsina da aka fara a 1987 da tallafin Tarayyar Tattalin Arzikin Turai, shekarar da aka ƙirƙiro jihar. Shi ne kuma ya sake dawowa a shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, har da Katsina.

Waɗannan ayyuka sun bar alheri da ake gani. Amma aikin da ke da wa'adin shekara 5 yana son itacen da za a rena a leda, a ɗauka a mota, a dasa, a ƙirga, a rubuta a rahoto. Bedi, ɗan asalin Indiya da aka fara dasawa a Barno a 1928, da turare ɗan Ostareliya, sun cika wannan sharaɗi. Giginya ba ta cika ba. Tsironta yakan huda leda ya wuce, idan aka ɗaga ta ya karye ta mutu, kuma ranar da aikin zai rufe ba ta fi 'yan ganye a ƙasa ba. Ba wanda ya yanke shawarar a yi watsi da ita. Tsarin ne kawai ba shi da gurbin itace mai irin wannan jinkiri.

Abin da ya faru a tsallaken iyaka

Maradi, wadda jama'arta da ta Katsina tushensu ɗaya, ta gwada wata hanya. Bayan farin farkon shekarun 1980, gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro kan hamada a Maradi a 1984. A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan cunkus ɗin da manoma ke sassabewa kowace shekara kututtura ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu a bar su, a datse sauran. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Ta yaɗu ne da gaske lokacin da hannun malaman daji ya yi sako-sako, kuma dokokin ƙasa na 1993 da na daji na 2004 suka ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen gonarsa. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200, akasari a jihohin Maradi da Damagaram.

An gwada wannan dabara a kan goriba a Gulbin Kaba, wajen Mayahi: a cikin kowane cunkus na kaba a keɓe tsiro a daina yankarsa, sauran a ci gaba da amfani da su. Mai saƙar tabarma ba ta rasa kabarta ba, gona kuma ta sami itace. A Gaya kuwa, a kwarin Dallol Mawri kusa da iyakar Kebbi da Benin, inda kurmin giginya mafi girma a Nijar yake, masu sayen azara daga birane sun yi masa mummunar ɓarna a lokacin da yake hannun hukuma ita kaɗai. A shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizalan, aka danƙa kula da shi ga ƙauyukan da ke cikinsa, su tsara sara, su sami rabo daga kuɗin, su kuma riƙa binne ƙwallaye a gonakinsu. Darasin wuraren biyu ɗaya ne: itace mai jinkiri ba ya tsira sai a hannun wanda ya tabbata shi ko ɗansa ne zai ci moriyarsa.

Komawa tsakar gida

A nan ne gida ya shigo cikin labarin. A al'ada ba a ɗauki giginya itacen gida ba. Ta fadama ce da bakin rafi, gida kuwa na dabino ne da lemo da zogale da gwanda. Amma idan aka dubi abubuwan da suka kashe ta, gida mai katanga ya tsare kusan dukkansu. Ba akuya, ba wutar sassabe, ba mai tonon muruci, ba mai gatari da dare, kuma ba gardama a kan mai ita. Ma'aikatan da ke zaune Abuja da Kaduna da Kano suna ta gina gidaje a garuruwansu, Mashi da Daura da Mai'aduwa, suna shimfiɗe tsakar gidan da siminti, suna jera dogayen itatuwan ado masu kama da kwakwa waɗanda asalinsu tsibirin Kuba ne, masu son ban ruwa duk rani. Kusurwa ɗaya daga cikin wannan fili ta isa.

Renon nata ba shi da wuya, sharuɗɗansa ne ba sa karɓar gaggawa. Na farko shi ne ruwa. A yankin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, giginya tana dogara ne da na ƙarƙashin ƙasa. Zurfin rijiyoyin unguwa shi ne ma'auni: inda ake samun ruwa kusa, ko gidan yana gangaren fadama, za ta yi, inda yake kan tudun jigawa mai rijiya mai nisa, goriba ce ta dace. Na biyu shi ne wuri. Ba a dasa ta, shuka ta ake yi a inda za ta dawwama. A sami ɗan da ya nuna ya faɗo da kansa, a cire naman, a binne ƙwallon ba da zurfi sosai ba a farkon damina, cikin ƙasa mai laushi da tsiron zai iya nutsawa, a kafa alama, a kewaye. Watanni za su wuce ba a ga komai ba, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke tonewa su duba, su karya tsiron. A ranin shekarun farko tana son a riƙa ba ta ruwa jefi-jefi, mai yawa a lokaci ɗaya domin ya nutsa.

Na uku shi ne tazara. Saiwoyinta sirara ne, ba sa yin kaurin da na bedi ke yi har su tsaga gini, amma ɗanta yakan kai kilo guda ko fiye, kuma daga sama mai nisa yake faɗowa. Ba a sa ta kusa da ɗaki, ko wurin wasan yara, ko inda ake ajiye mota. Na huɗu shi ne jinsi. Ba a gane namiji da mace sai ranar da suka yi fure, kuma mace ba ta haihuwa sai da namiji a kusa. Mai fili ya shuka uku ko huɗu. Wanda filinsa bai kai ba ya haɗa kai da maƙwabta, ko ya kai sauran harabar makaranta ko masallaci ko gefen maƙabarta, wuraren da ba a sayarwa. Goriba ta fi sauƙi: ita ma namiji da mace ce, amma takan fara 'ya'ya cikin shekara 6 zuwa 8 idan ta sami kulawa, kuma wanda ya sayi fili ya tarar da kaba a ciki ya riga ya sami itace mai tsohuwar saiwa. Ya hana lebura tumɓuke ta, ya zaɓi tsiro biyu ya bar su.

Haɗarin da katanga ba ta tsarewa shi ne rabon gado. Gida yakan tashi daga hannun mai shi kafin giginya ta yi 'ya'ya, magada su raba ko su sayar, kuma abin da sabon mai gida ke fara yi shi ne kiran mai gatari domin ya ƙara ɗaki. Saboda haka wanda ya shuka ta bai gama aiki ba sai ya sa 'ya'yansa sun san ta, sun san shekarar da aka binne ta da dalilin binnewar, har ya ambace ta a wasiyya idan ta kama. Giginyu goma a gidaje goma ba za su mayar da kurmin fadama ba, kuma ba za su rufe soro ko ɗaya a wannan zamani ba. Abin da za su yi shi ne su ajiye iri na wannan ƙasa, wanda ya saba da zafinta da farinta, a lokacin da tsofaffin da ke fadama ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk mai son gyara tsohuwar fada ko tsohon masallaci nan da shekara 60 zai nemi azara, kuma ba a ƙera ta a masana'anta.

Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta, suna nufin mutumin da alherinsa ke tsallake na kusa da shi. Zargi ne a asalinsa. Amma wanda ya binne ƙwallo a bayan gidansa a Mashi da daminar bana ya san nisan ba na taku ba ne, na shekaru ne. Yaron da aka sa aji ɗaya a bana zai gama sakandare itaciyar ba ta daɗe da fara tashi ba. Zai yi aure kafin a ga ɗanta na fari. Kumburin nan na sama, wanda ake gane ta da shi daga nesa, 'ya'yansa ne za su nuna wa baƙo daga bakin titin Daura.